Wasiƙar da ta raba fanshonka gida biyu: mene ne ciko, kuma wa zai biya shi?

Tambaya: Ni likita ne a hukumar lafiya ta wata ƙaramar hukuma a jihar Kaliforniya. Na kama aiki a 1997, yanzu shekarata 28 a bakin aiki, shekaruna na haihuwa 57, kuma ina so in yi ritaya a 2025. Lissafin fanshona ya kama dala 238,000 a shekara. Sai ga wasiƙa daga hukumar fansho ta CalPERS cewa dokar haraji ta tarayya ta hana a biya ni duka daga asusu, sauran sai ta wani shiri na daban. Zaftare mini aka yi? Shirin nan abin dogara ne? Ina da niyyar komawa gida Kano idan na gama.

Amsa: Likita, sannu da aiki, Allah ya sa a gama lafiya. Ka kwantar da hankalinka, ko sisin kwabo ba a zaftare maka ba. Dala 238,000 ɗin nan taka ce, kuma da alama daga albashin dala 340,000 aka fitar da ita, kashi 2.5 cikin 100 sau shekara 28. Abin da ya canza shi ne aljihun da kuɗin za su fito. Kaso mafi tsoka zai fito daga babban asusun fansho, ragowar kuma daga aljihun hukumar da ka yi wa aiki. Aljihun nan biyu ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma a nan gizo yake saƙa.

Mu da muka taso a Najeriya abin yana zo mana baƙo. Tun dokar fansho ta 2004, da gyaranta na 2014, ma'aikaci asusunsa daban, yana zuba kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki yana zuba kashi 10, abin da ya taru shi ne nasa. Irin naka kuwa alƙawari ne: an ce idan ka yi shekara kaza za a riƙa ba ka kaza har ƙarshen rayuwarka, ko kasuwar hannun jari ta hau ko ta faɗi. Gwamnatin tarayyar Amurka tana yi wa irin wannan asusu rangwame mai yawa. Kuɗin da ake zuba maka ba a cire musu haraji a shekarar da aka zuba, ribar da suke haifarwa ma haka, sai ranar da ka fara karɓa. To kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sharaɗin rangwamen shi ne asusu ba zai biya mutum ɗaya fiye da wata iyaka a shekara ba. Iyakar tana cikin sashe na 415(b) na kundin dokokin haraji, kuma ta shigo ne da dokar fansho ta tarayya ta 1974 mai suna ERISA, don kada manyan shugabannin kamfanoni su mai da asusun fansho maɓoyar dukiya. Ta fara da dala 75,000, ta yi ta hawa, aka dawo da ita 90,000 a 1982, aka ɗaga ta zuwa 160,000 daga 2002. A 2023 tana 265,000, a 2024 tana 275,000, a 2025 kuma 280,000.

Na san abin da za ka ce: ai nawa 238,000 ne, bai ko kusa da 280,000 ba. Wannan shi ne wurin da yake ruɗa kusan kowa. Adadin da hukumar haraji ta IRS take shelantawa kowace shekara na wanda ya fara karɓar fansho ne tsakanin shekara 62 da 65. Wanda ya fara kafin 62, ana rage masa iyakar, domin ana sa ran zai fi daɗewa yana karɓa. Ragin ba na wasa ba ne, yana cin kamar kashi 6 zuwa 7 cikin 100 a kan kowace shekara da mutum ya gaza 62. Mai shekara 57 iyakarsa tana faɗowa wajen dala 200,000, mai 55 kuma wajen 175,000. Ainihin adadinka yana cikin wasiƙar, don har watanni ana ƙirgawa, amma mu ɗauki 200,000 don sauƙin lissafi. Ke nan asusu zai ba ka 200,000, sauran 38,000 shi ne cikon da ake magana.

Akwai waɗanda ragin shekaru bai shafa ba. Ɗan sanda ko ɗan kwana-kwana da ya yi shekara 15 a aikin, iyakarsa cikakkiya ce ko da yana ɗan 50 ya ajiye. Haka wanda ya bar aikin gwamnati saboda nakasa, da magajin da ake biya bayan rasuwar ma'aikaci. Shi ya sa za ka ga shugaban 'yan kwana-kwana da ya fi ka yawan fansho bai taɓa ganin irin wasiƙarka ba, kai kuwa likita ta same ka. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda bai cika shekara 10 a cikin shirin fansho ba, ana yanke masa ushiri na iyakar a kan kowace shekara da ta rage.

Me ya sa ba a ce kawai an biya ka 200,000 shi ke nan ba? Saboda jihohi da yawa sun ɗaure kansu. A Kaliforniya kotuna sun daɗe da yanke cewa fanshon ma'aikacin gwamnati yarjejeniya ce da ba a warware ta bayan mutum ya kama aiki, jihohin Ilinoi da Niyok kuwa a cikin tsarin mulkinsu suka rubuta haka. Sai hukumomin fansho suka shiga tsaka mai wuya. Idan sun biya duka, dokar tarayya tana iya ƙwace rangwamen haraji daga asusun gaba ɗaya, laifin mutum goma ya shafi mutum dubu ɗari. Idan sun ƙi biya, ma'aikaci ya kai su kotun jiha ya yi nasara. Kamfanoni masu zaman kansu sun daɗe da samun mafita, suna biyan rarar daga kuɗin kamfani. Gwamnatoci kuwa wani sashe, 457(f), ya tare musu hanya, don a ƙarƙashinsa za a caji ma'aikaci harajin dukan abin da aka yi masa alƙawari a dunƙule, tun bai ga kuɗin a hannunsa ba.

Majalisar dokokin Amurka ta kwance wannan ƙulli a 1996, a cikin wata doka ta kare ayyukan ƙananan sana'o'i da Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Agusta, dokar da aka fi tunawa da ita saboda ƙarin mafi ƙarancin albashi. Ita ta ƙirƙiro sashe na 415(m), wanda ya ba gwamnatoci damar buɗe shirin ciko. CalPERS tana kiran nata Replacement Benefit Plan, sunan da ka gani a wasiƙarka. Hukumar fanshon malaman makaranta ta Kaliforniya, CalSTRS, tana da nata, Jami'ar Kaliforniya tana da nata, haka malaman jihar Teksas. Sunaye sun bambanta, dokar ɗaya ce. Ta ce shirin ba shi da wani aiki sai biyan abin da iyakar 415 ta datse. Ta ce ba a ba ma'aikaci zaɓin jinkirta albashinsa ya zuba a ciki. Sannan ta ce ba za a taɓa kuɗin babban asusu a biya ciko ba, sai dai a buɗe masa nasa wurin.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne amsar tambayarka ta biyu. Babban asusu kamar rumbu ne da aka yi shekara da shekaru ana zuba masa hatsi, an kulle, doka ta ce ba mai buɗewa sai don masu fansho, ko masu bin hukumarka bashi ba su isa su kai hannu ba. Ciko kuwa awo ne. Ba a tara masa komai a gaba. Kowace shekara CalPERS tana lissafa rarar da kake bi, ta aika wa hukumar da ka yi wa aiki takardar neman kuɗi, hukumar ta biya daga kasafin kuɗinta na shekarar, sannan a miƙo maka. Idan hukumar ba ta biya ba, CalPERS ba ta da hurumin ara daga rumbu ta rufa maka asiri. Sai ka jira.

Na ga wannan da idona a aikina na lissafin fansho. Wani dattijo, tsohon shugaban wata ƙaramar hukumar ruwa, ya zo ofis da takardun banki na wata uku a hannu, ya shimfiɗa su a kan tebur yana nuna mini da biro: kuɗi biyu ya saba gani suna shiga, yanzu ɗaya ne. Ya riga ya yanke cewa an cuce shi. Da muka bi diddigi, ba wani makirci. Ma'ajin da ya san zancen ya bar aiki, wadda ta gaje shi ta ga takardar neman kuɗi mai ɗauke da sunan mutumin da ya yi ritaya shekara tara da suka wuce, ta ɗauka kuskure ne ta jefa a durowa. An biya shi duka daga baya. Amma wata ukun nan kuɗin gidan da yake biya bai jira shi ba.

Wancan sakaci ne, ana gyara shi da waya biyu. Abin da ya fi shi nauyi shi ne hukuma ta tsiyace. A Amurka jiha ba ta iya zuwa kotu ta ce ta karye, amma birni da ƙaramar hukuma suna iya, a ƙarƙashin babi na 9 na dokar fatarar kuɗi. Birnin Vallejo ya yi a 2008, Stockton da San Bernardino a 2012, Detroit a 2013. San Bernardino ta yi wajen shekara guda ba ta zuba wa CalPERS kasonta ba. A Detroit, ma'aikatan da ba na ɗamara ba sun rasa kashi 4.5 na fanshonsu da ƙarin tsadar rayuwa, kuma wannan fa daga rumbun ne. Idan abin da yake a kulle ya taɓu, ka ƙiyasta abin da ba shi da komai a bayansa sai alƙawari. A ranar irin wannan, mai karɓar ciko yana layi ɗaya da sauran masu bin bashi marasa jingina, kuma ba shi da masu tausaya masa da yawa, don ba ɗan majalisar birni da zai tashi ya kare mai fanshon dala dubu ɗari biyu da ɗoriya alhali ana rufe ɗakunan karatu.

Ba tsoratar da kai nake ba. Ƙananan hukumomi a Amurka dubbai ne, waɗanda suka karye 'yan ƙalilan ne, kuma yawancin masu ciko suna karɓa lafiya lau har ƙarshen ransu. Ra'ayina dai shi ne ka gina rayuwarka a kan 200,000. Kuɗin makarantar yara, ginin da kake yi a gida, ɗawainiyar 'yan uwa da ba ta yankewa, duk su tsaya a cikin abin da rumbu yake bayarwa. Cikon ya zama na tanadi da abin da za a iya ɗagawa idan ya makara. Kuma ka nemi rahoton kuɗi na shekara na hukumarka, a fili yake a shafinsu na intanet, ka duba ajiyar da suke da ita da bashin fansho da ake bin su. Hukumar lafiya da asibitinta yake cin riba daban take da wadda kullum sai an tallafa mata.

Cikon ba ya tsayawa a adadi ɗaya. Kowace shekara ana sake gwaji. Fanshonka zai riƙa samun ƙarin tsadar rayuwa, wanda a yawancin hukumomin da ke ƙarƙashin CalPERS ba ya wuce kashi 2 cikin 100. Ita ma iyakar tana hawa, dala dubu biyar-biyar, gwargwadon hauhawar farashi. Wanda ya fi sauri a cikinsu shi yake yanke hukunci. Daga 2021 zuwa 2025 iyakar ta tashi daga 230,000 zuwa 280,000, fiye da kashi 21 cikin 100 a shekara huɗu, don haka mutane da yawa cikonsu ya ragu, wasu ya ɓace gaba ɗaya suka koma rumbu ɗungurungum. Amma daga 2020 zuwa 2021 ba ta motsa ba, a shekarar cikon ya ƙaru. Abu ɗaya da ba ya canzawa shi ne shekarun da ka fara karɓa. Idan ka fara kana 57, ragin mai 57 zai bi ka har abada. Ranar da ka cika 62 ba za a ɗage maka shi ba. Mutane da yawa suna wannan zato, suna kuma shan mamaki.

Wannan ya kawo mu ga abin da yake hannunka. Idan ka ƙara shekara biyar ka fita kana 62, shekarun aikinka sun zama 33, fanshonka a kan albashin yau ya zama dala 280,500, iyakar kuwa ko a 2025 ta kai 280,000, kafin lokacin ta ƙara gaba. Ke nan kusan komai zai fito daga rumbu. Ban ce ka yi haka ba. Shekara biyar na kwanan asibiti da kiran tsakar dare ba ƙaramin abu ba ne ga mai shekara 57, kuma kai ka san jikinka da abin da yake jiran ka a gida. Sai dai ko shekara biyu ka ƙara, iyakarka tana hawa fiye da yadda fanshonka yake hawa, don kowace shekara tana ƙara wa fansho dala 8,500, tana ƙara wa iyaka wajen 14,000. Ka sa a buga maka lissafin 57 da 59 da 60 da 62 a takarda ɗaya ka dube su.

Hanya ta biyu mutane ba su cika lura da ita ba. Idan ka zaɓi tsarin da uwargida za ta ci gaba da karɓa bayan ranka, ana rage abin da kake karɓa a wata, kuma ragaggen adadin shi ake gwadawa da iyaka, ba a lissafa kason da za ta gada. A ce zaɓin ya sauko da kai zuwa 218,000, cikonka ya koma 18,000 maimakon 38,000. Wannan sassauci na matar aure ne kawai, kuma dokarsu mace ɗaya ta sani. Idan ɗa ko ƙane ka rubuta, za a mai da lissafin kamar kai kaɗai kake karɓa, sassaucin ya tafi. Ba na son mutum ya zaɓi magaji don dabarar haraji, amma idan dama niyyarka ke nan, ka samu riba biyu.

Shekarar da ka kama aiki ta taimake ka ta wani gefen, ta wani gefen kuma ka makara. Waɗanda suka shiga kafin 1 ga Janairu 1990 suna da wata kariya ta musamman daga dokar 1988, wadda ta bar musu abin da tsarin fanshonsu ya tanada a Oktoban 1987 ko ya wuce iyaka. Ka rasa wannan. Waɗanda suka shiga CalPERS kafin 1 ga Yuli 1996 ba a ƙayyade albashin da ake lissafa musu fansho a kai. Ka rasa wannan ma da 'yan watanni, don haka wata iyakar ta daban, ta sashe na 401(a)(17), tana kanka: a 2025 albashin da ya wuce dala 350,000 ba ya shiga lissafi. Naka 340,000 ne, ka tsallake da ƙyar. Ka riƙe wannan da kyau idan ana maganar ƙarin girma a shekarunka na ƙarshe, domin abin da wannan iyakar ta datse, shirin ciko ba ya mayarwa. Shi na 415 kaɗai aka yi shi.

Inda ka yi sa'a shi ne ka riga 2013. A 2010 jaridar Los Angeles Times ta tono cewa manajan ƙaramin birnin Bell, Robert Rizzo, yana ɗaukar albashin kusan dala 800,000 a shekara a garin talakawa. Labarin ya zo a lokacin da asusun fansho suke jinyar faɗuwar kasuwa ta 2008, jama'a suka harzuƙa. A Satumban 2012 gwamna Jerry Brown ya sa hannu a dokar gyaran fanshon ma'aikatan gwamnati mai suna PEPRA. Duk wanda ya shiga daga 1 ga Janairu 2013 ba shi da shirin ciko sam, kuma albashin da ake lissafa masa an tsayar da shi a dala 113,700 a shekarar farko ga masu biyan inshorar tsufa ta tarayya, 136,440 ga waɗanda ba sa biya. Ƙananan likitocin da kake horarwa ba za su taɓa samun wasiƙa irin taka ba, don fanshonsu ba zai kai ko kusa ba.

Ta fuskar haraji, sai ka shirya wa takarda biyu a ƙarshen shekara. Kuɗin rumbu suna zuwa da fom 1099-R kamar kowane fansho. Ciko yana zuwa da W-2, wato ana ɗaukarsa kamar albashi, ko da ka shekara goma da barin aiki. Harajin kuɗin shiga ɗaya ne a kan duka biyun, a shekarar da ka karɓa. Amma tunda albashi ne a idon doka, harajin Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi ta tarayya, yana iya shiga, wani lokaci a cire shi a dunƙule a shekarar farko, don haka ka tambaya tun yanzu kada kuɗin farko su zo maka a gutsure. Kuma ba a juya ciko zuwa asusun IRA, wato asusun ajiyar ritaya na ƙashin kai, don a jinkirta haraji. Ka tambaye su kuma yadda suke tsara biyan. Wasu hukumomi suna rage kowane wata su cike daga ɗaya aljihun, wasu suna biyan cikakke daga rumbu har iyakar shekara ta cika wajen Oktoba ko Nuwamba, sannan watannin ƙarshe su koma kan ciko kacokan. A tsari na biyu, idan an samu jinkiri, fanshon wata guda ne sukutum zai tsaya.

Batun komawa Kano. Harajin jihar Kaliforniya zai sake ka ranar da ka daina zama mazauninta da gaske, domin dokar tarayya ta 1996 ta hana jiha bin fanshon wanda ya ƙaura. Na tarayya kuwa yana nan. Idan kana da fasfo na Amurka, duk inda kake a duniya za ka ci gaba da cike takardar haraji kamar kana can. Idan katin zama na dindindin kake da shi kuma ka mayar, ƙa'idar asali ita ce a cire kashi 30 cikin 100 tun daga tushe, kuma babu yarjejeniyar harajin kuɗin shiga tsakanin Amurka da Najeriya da za ta sassauta maka. Wanda ya riƙe katin shekara 8 cikin 15 na baya, akwai ƙarin dokokin fita da suke hawa kansa, saboda haka kada ka miƙa katin nan sai ka zauna da akanta da ya saba da irin wannan.

Kafin ka sa hannu a takardar ritaya, ka je ofishin kuɗi na hukumarka da ƙafarka. Ka gano teburin da takardar CalPERS take sauka a kai kowace shekara, ka karɓi sunan ofishin da adireshinsa na imel, ba lambar mutum ɗaya da zai iya barin aiki gobe ba. Ka bar asusun bankinka na Amurka a buɗe, ka ajiye kuɗin da ya kai cikon shekara guda a ciki, ka kuma ba wani amintacce takardar wakilci da CalPERS ta yarda da ita, suna da fom nasu na musamman. Tsakanin Kano da Sakramento, inda hedkwatar CalPERS take, akwai tazarar awa takwas zuwa tara, lokacin da ofishinsu yake buɗewa kai a Kano la'asar ta riga ta yi.